Taka, Riƙe, Saki

Nasiru da Rabi, na san abin da aka gaya muku a gidan kawunku Alhaji Mamuda, domin ba a ɓoye aka faɗe shi ba, duk unguwarmu ta Gangare ta ji. An ce ranar da uwarku ta rasu na tsaya a bakin titi, gaban liman da jama'a, na ce akwai iska a jikin gawarta. An ce ban tsaya nan ba, sai da na leƙa kan makara na sake ta tana cikin likkafani. Da wannan labari aka raine ku, shi ya sa in kun hango ni a garejina na Laranto kuke canja hanya. To, kalmomin nan biyu, iska da saki, na faɗe su, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a duk gidan nan babu wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota, saboda haka sai na fara koya muku aikin tukuna, in ba haka ba ku ma abin da suka ji za ku ji. Ban yi nisa a boko ba, kada wani ya zauna yana gyara mini rubutu. Ku karanta kawai.

Birkin mota da mai yake aiki. In direba ya taka, ƙafarsa tana tura man birki ne daga wata 'yar tukunya da ke gaba, wadda muke ce wa masta, man ya bi ta siraran bututu har zuwa tayoyi ya damƙe su. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa birki mai lafiya in ka taka za ka ji shi da tauri, yana ture ƙafarka. Amma in iska ta shiga bututun, ita tana matsuwa. Sai ka taka ka ji laushi kamar ka taka jiƙaƙƙen soso, ƙafarka na ta nutsewa, mota kuma na ta tafiya abinta. Maganinsa ɗaya ne, a cire iskar, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana kujerar direba, ɗaya yana kwance a ƙasa da sifana, a bayan taya, inda akwai wani ɗan noti mai rami. Na ƙasa ya ce taka, na sama ya yi ta takawa. Ya ce riƙe, na sama ya danne ƙafa ba motsi. Sai na ƙasa ya kwance notin kaɗan, mai ya tsarto da kumfa yana tsaki, ƙafar na sama ta nutse har ƙasa. To a nan amanar take. Kada ya kuskura ya ɗaga ƙafa sai an ɗaure noti an ce masa saki, domin in ya ɗaga kafin nan, ramin zai zuƙo sabuwar iska, duk wahalar ta tashi a banza. Da tayar baya ta dama ake farawa, ita ce mafi nisa da masta, a zagayo har gaba, ana yi ana ƙara mai a kofin da ke saman masta don kada ya ƙafe. Sai mai ya fito tas babu kumfa ake cewa an gama. Abin da nake so ku riƙe shi ne, na ƙasa ba ya ganin na sama. Murya kawai ke haɗa su.

Lokacin da na auri uwarku ba ni da gareji. Wani kango ne a bayan gidanmu, wanda aka fara gini aka bari, nan nake jawo motocin mutane in gyara. Kowane aiki ina iya yi ni kaɗai ban da cire iska. Sai in fita bakin layi in yi ta neman wanda zai taka mini, kuma mutanen Jos kun san su, kowa direba ne a baki, amma da ya zauna sai ya ɗaga ƙafa yana gaisawa da mai wucewa. Wata rana na gaji da su, na shiga gida ina masifa. Uwarku Hansai tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"Wai takawar nan sai da gemu ake yin ta?"

Na ce mata a'a, sai dai da hankali.

"To ai ka ga inda aka samu matsala, maza kake kira. Bari in sa mayafi."

Tun daga ranar ita ce ƙafata. Ban taɓa samun irinta ba, kafin ta ko bayanta. In ta danne birki, ko gobara aka yi ba za ta ɗaga ba sai na ce. Abu ɗaya ne ta ƙi, ba ta yarda ta ɗaga murya a waje maza su ji ta tana amsa mini. Al'ada ita ce in na ƙasa ya ce riƙe, na sama ya amsa da na riƙe. Ita sai ta fito da nata salon. Akwai wani zoben azurfa a hannunta na hagu, sai ta ƙwanƙwasa shi a ƙarfen ƙofa, ƙwas-ƙwas, sau biyu. Shi ne na riƙe. Ina kwance a ƙasa, ƙarar tana bin jikin mota ta sauko mini har cikin kunne, ta fi muryar kowane ƙato fita. Kuma ba ta bar ni na huta da tsokana ba. In mun gama tana zuba mini ruwa ina wanke hannu, sai ta ce:

"Oga bakanike, yau saki nawa ka yi mini?"

In ce ban ƙirga ba.

"Ni na ƙirga. Da liman yana bayan katangar nan da tuni ya kora ni gidanmu. Mace ɗaya, a sake ta a tayar baya, a zagayo a sake ta a tayar gaba!"

In ce ai ke ce ba kya tafiya.

"Ina zan je? Wa zai taka maka?"

Wannan ita ce uwarku. Ban sani ba ko an taɓa gaya muku tana da dariya. A gidan kawunku hotonta kawai suke da shi, wanda ta ɗaure fuska saboda mai hoto namiji ne.

Ko da na samu wuri a Laranto na bar kangon, in aikin birki ya zo mai muhimmanci gida nake kawo shi. Cikin irin waɗannan har da motar unguwa. Wata tsohuwar bas ce fara da jama'ar masallacinmu suka haɗu suka saya don kai gawa maƙabarta, aka cire kujerun baya don makara ta shiga, aka bar benci a gefe na masu rakiya. Sale Direba ke tuƙa ta, ni kuma nake duba ta saboda Allah. Hansai ta taka birkin motar nan ba sau ɗaya ba. Ba ta son warin turaren da ya kama cikinta, amma takan zauna. Ta taɓa ce mini, tana gyara zama a kujerar Sale, wai gara ta saba da motar tun tana gaba.

A damina ta rasu, cikin watan nan da Jos ba ta ganin rana, wanda wanki ke kwana uku a igiya yana ɗoyi. Ciwon bai daɗe ba. Ciwon kai ne ya sare ta da safe tana haɗa muku abin kari, kafin wani mako ya zagayo an gama. Ba zan tsaya a kan wannan ba, ba shi na zauna rubutawa ba. Da hantsi aka yi mata sutura. Matan da suka yi wankan suka aiko mini da zoben a ƙulle a ɗan ƙyalle, na jefa a aljihun riga ban ko kwance ba. Aka fito da ita, aka yi salla a ƙofar gida, aka ɗauko makara ta cikin lungu zuwa bakin titi inda bas take, tunda lungunanmu mota ba ta shiga. Ana sa ta a ciki ruwa ya sauko. Ba mai ƙarfi ba, irin siririn nan mai sanyi da ke zuwa da hazo, wanda in ka miƙa hannu sai ka ga kamar ba naka ba. Da rana tsaka ce, amma shagunan da ke tsallaken titi sai inuwarsu ake gani. Dattawa suka fara hawa benci, liman a gaba, kai ma Nasiru an ɗora ka kusa da kawunka. Sale ya shiga ya tayar da mota, ya taka birki zai sa giya. Ina tsaye daf da ƙofarsa, na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya sake takawa. Ya waiwayo ya dube ni.

"Oga Ɗanlami, ka gani kuwa?"

Na ce na gani.

"Jiya lafiya lau na ajiye ta, wallahi. Ko mu lallaɓa a giya ɗaya? Ga birkin hannu."

Birkin hannun motar nan ni na san shi, ado ne. Kuma sunan unguwarmu ma ya isa ya gaya wa mutum irin hanyar da ke gabansa. Daga nan zuwa maƙabarta can wajen Naraguta akwai gangara, akwai kwana, ga kwalta a jiƙe, ga tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa a gefen hanya, waɗanda ba wanda ya san ƙarshen zurfinsu. Na ce kowa ya sauka, iska ce ta shiga, yanzu zan cire. A lokacin ba wanda ya ji komai a maganar, don a hankali na faɗe ta, Sale kaɗai na gaya wa. Jama'a suka sauka suka fake a ƙarƙashin rumfunan shaguna. Makara aka bar ta a ciki saboda ruwa. Alhaji Mamuda ya zo yana karkaɗe babbar riga.

"Kai Ɗanlami, yau ma? Ranar jana'izar matarka ma sai ka shiga ƙarƙashin mota? Ba ka da wani bakanike a garin nan?"

Na wuce shi. Na ɗauko sifana a akwatin da ke ƙarƙashin kujera, na shimfiɗa wani kwali, na kwanta da fararen kayana a bayan tayar baya ta dama. Daidai saman fuskata, bayan faranti ɗaya na ƙarfe, nan kan makarar yake.

Muka fara da Sale. Taka, taka, riƙe. Ya ce na riƙe. Na kwance, kumfa ta fito, na ɗaure, na ce saki. Muka sake. Ruwa yana bin kwalta yana shiga mini ta wuya, hazo ya shigo har ƙarƙashin motar, ƙafafun mutanen da ke rumfa duk suka ɓace mini. Tun ina jin maganganunsu har na daina ji, sai ƙarar ruwa a rufin bas. Ban san zagaye nawa muka yi ba. Na dai san na ce taka, na ji birki yana aiki, bututu yana motsi a hannuna kamar jijiya. Na ce riƙe. Ba a ce na riƙe ba.

Ƙwas-ƙwas.

Abin da zan gaya muku shi ne, ban ji tsoro ba a lokacin, don ban ma lura ba. Shekara da shekaru kunnena ya saba, hannuna ya riga kaina. Na kwance noti, mai ya tsarto da ƙarfi ya wanke mini hannun riga, na ɗaure, na ce saki. Na ji birki ya koma a hankali, irin sakin da ba ya fizga. Sale fizga yake yi, duk direbobi haka suke. Na ce taka. Aka taka, a natse, kowace takawa har ƙasa. Na ce riƙe. Ƙwas-ƙwas. Sai a nan na lura da ƙarar da nake ji. Na sa hannu a aljihu, na taɓa ƙullin ƙyallen. Zoben yana nan.

Na kira sunan Sale. Shiru. Na sake kira. Shiru, sai ruwa.

Mutum mai hankali fitowa zai yi. Ni ban fito ba, kuma ba zan ce muku jarunta ce ba. So nake in sake ji. Na ce taka, aka taka. Na ce riƙe, aka ƙwanƙwasa. Na kwance. Iska ce zalla take fitowa yanzu, ba mai, wani dogon huci mai ɗumi a kan yatsuna, kamar mutum ya daɗe yana riƙe da numfashi ya samu wurin saukewa. A aikina ban taɓa ganin bututu ɗaya ya ɗauki iska mai yawan haka ba. Na tsaya ina sauraronta har ta ƙare. Na ɗaure notin. Bakina ya buɗe zai faɗi kalmar da ke biye, sai ta maƙale. Na ja jiki na fito, na zagaya ta gaban mota, na leƙa.

Ba kowa a kujera. Ƙofa a rufe, gilashi ya yi gumi ta ciki. Na buɗe. Birki yana manne da ƙasa, a danne, kamar da ƙafa a kansa. Na ɗaga kai na dubi baya. Makara tana inda aka ajiye ta, an rufe ta da koren zane, ba abin da ya motsa.

Sai ga Sale ya ɓullo daga cikin hazo da gudu, da gwangwanin man birki a hannu. Wai ya leƙa ya ga kofi ya kusa ƙafewa, ya tsallaka titi ya sayo, wai ya yi mini magana kafin ya tafi, ruwa ne ya hana ni ji. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce ai ya ɗan jima, mai shagon sai da ya nemo mabuɗi. Jama'a suka ga mun tsaya, suka ɗauka an gama, suka fara fitowa daga rumfuna. Alhaji Mamuda ne a gaba.

"To Alhamdulillahi. A hau, a hau, an bar baiwar Allah tana jira."

Na ce motar nan ba inda za ta.

"Kamar yaya ba inda za ta?"

Idona yana kan birkin da ke danne. Ban dubi kowa ba, kuma da ƙarfi na faɗa, don ban san muryata ta fita haka ba. Na ce:

"Iska ce cike da ita. Na cire, na cire, ta ƙi ƙarewa."

Sai na ji wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya ja da baya yana a'uziyya. Ku kun tashi a garin nan, kun san abin da ake nufi in an ce wuri yana da iska, ko mace tana da iska. Mu a gareji kullum muna faɗar kalmar nan ba wanda ya taɓa waiwayowa. Amma wannan ba gareji ba ne, mota ce da gawa a ciki, ga mijin gawar a tsaye jiƙe sharkaf, fuska ba jini, yana kallon wurin da ba kowa. Alhaji ya matso har ina jin numfashinsa.

"Wace iska? Ɗanlami, ƙanwata ce kaɗai a cikin motar nan. Wace iska kake nufi?"

Da na ce masa ta birki, da an wuce wurin. Kalma biyu. Sau da yawa an tambaye ni me ya hana ni. Abin da ya hana ni shi ne a daidai lokacin Sale ya hau kujera, ya sa yatsun ƙafa a ƙarƙashin birkin zai ɗago shi, ya ƙi. Ya sunkuya ya kama da hannu biyu ya ja. Sale ba ƙaramin mutum ba ne, amma ko motsi birkin bai yi ba. Ya dube ni, ya ce ya maƙale. Ni kuwa na san bai maƙale ba. Na ɗaure noti ban ce komai ba na fito. Ba a ba ta izini ba. Mace ce da ko gobara aka yi ba ta ɗagawa, kuma ga ta nan tana jira, ga ruwa, ga mutane, an tsayar da ita a hanya saboda ni. Na ture Sale gefe, na zura kai cikin motar, na juya wajen makara. Na so in faɗa a hankali, amma shirun da aka yi ya sa kowa ya ji.

"Hansai, saki."

Birkin ya taso. A hankali, ba fizga, har ya kai inda yake tsayawa. Sale ya gani da idonsa, ya diro daga motar ta ɗaya ƙofar. Daga baya da aka tambaye shi ya ce shi bai ga komai ba, sifirin da ke ɗago birkin ne ya yi tsatsa ya saki don kansa. Allah ya ji ƙansa, ya riga mu, ba zan zage shi ba. Amma ya gani.

Sauran jama'a ba birki suke kallo ba, ni suke kallo. Abin da suka ji shi ne miji ya kira sunan matarsa a kan makara ya ce saki. Alhaji Mamuda ya cakumi wuyan rigata, aka shiga tsakani. Liman yana ta cewa a yi haƙuri, zafin rashi ne. Ni kuwa na zare mabuɗin motar na sa a aljihu tare da zoben. Wasu suka ce a ƙwace a tafi a hankali, na ce sai dai a karya hannuna. Kai Nasiru kana tsaye a bakin rumfa an riƙe maka hannu, kuma a bencin nan za a mayar da kai. Ban bayar ba. A kafaɗa aka ɗauke ta cikin ruwa, har aka samu wata a-kori-kura ta masu katako ta ƙarasa da ita. Duk wanda ya je ya sa kafaɗarsa a makarar nan ban da ni. In na matso sai a rufe gurbin. A bakin kabari ma a baya na tsaya, kamar wanda ya biyo hanya ya tarar ana binne wani.

Bayan kwana biyu liman ya kira ni zaurensa, na yi masa bayanin iskar birki da taka da riƙe da saki. Ban gaya masa zancen zoben ba. Ya gane sarai, har ya yi murmushi, ya ce shi dama bai ɗauka da wata manufa ba, kuma zai yi wa jama'a bayani. Ya yi, bayan sallar la'asar, ga mutanen da ke sahu. Amma maganar ta riga ta shiga cikin gidaje, ta bi mata zuwa gidan suna da gidan biki, ta hau mota zuwa Laranto. Wa zai bi ta can da bayanin noti? Kakarku ta wajen uwa ta ce a kawo ku wajenta ku yi zaman makoki, ga shari'a ma ta ba ta riƙonku, ban yi musu ba. Da na je ɗauko ku aka ce ba kwa nan, ina jin muryarki Rabi a tsakar gida. Na koma, aka ce Alhaji ya hana. A gareji sunana ya koma Ɗanlami Mai Iska. Masu motocin da na yi wa aiki shekaru suka riƙa wucewa ta gabana zuwa wurin wani. Waɗanda suka saura in sun zo sai su tsaya nesa suna tambaya cikin raha ko an cire iskar gidan. Ina jin su. Ban manta fuskar ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka zan ce muku daga baya gaskiyata ta fito. Ba ta fito ba. Aka kai bas wurin wani bakanike, ya cika kofi, ya cire iska, ya ce ba abin da ya same ta, kofin ne ya ƙafe masta ta yi ta zuƙar iska, shi ya sa ta ƙi ƙarewa. Maganarsa daidai ce, ni ma da wani ne ya kawo mini ita haka zan ce. Motar ta yi shekaru tana kai mutane Naraguta ba ta taɓa faɗawa ramin kowa ba. Ƙwanƙwasar kuma, na sha gaya wa kaina ɗigon ruwa ne daga wayar lantarki yake faɗowa a rufi. To na yarda. Amma masta ba ta zuƙar iska sai ana takawa, kuma mai ba ya tsartowa ya wanke wa mutum hannun riga sai da ƙafa a kan birki. Wannan ba malami ba ne zai gaya mini, aikina ne. Ban ce muku ga abin da ya faru ba. Allah ne ya san abin da ke tsakanin rai da jiki kafin a kai mutum makwancinsa. Na gaya muku abin da hannuna ya ji ne.

Don haka in kawunku ya sake cewa na ce uwarku tana da iska, ku ce masa iskar birki ce, ya je kowane gareji a Jos ya tambaya. In ya ce na sake ta, ku ce masa macen da ya hana ni sa wa kafaɗa ta fi shi sanin abin da kalmar take nufi, don ita ta amsa. Rabi, na ji an sa ranarki, kuma na ji wanda zai ba da aurenki, ba ni ba ne. Ban zo roƙo ba. Zoben yana wurina, naki ne, ki aiko ko ki zo. Har yau a ƙyallensa yake, ban kwance ba.

Ina nan ina cire iska a Laranto, don ba ni da wata sana'a. Duk wanda ya zauna mini a kujera nakan gaya masa tun farko, in na ce taka ka taka, in na ce riƙe ka riƙe, in na gama za ka ji na ce ɗaga. Sukan yi dariya su ce Oga ai saki ake cewa. In ce a wurina ɗaga ake cewa. Suna ɗauka tsoron bakin mutane ne, ko kunyar abin da ya faru. Ba shi ba ne. Bakin mutane ya gama yi mini abin da zai yi. Abin da ke ci na shi ne, duk tsawon zamanmu na faɗa mata kalmar nan ba iyaka, a tayar baya da tayar gaba, tana dariya tana cewa ina za ta je. Ranar nan ma ba ta tafi ba. An yi mata wanka, an yi mata salla, an ɗora ta a mota, tana nan ta danne, tana jirana. Sai da na faɗa da bakina.